Yadda muka sauya na'urar waifai da eriyar gidan hayarmu a Birnin Kebbi

Gidan na Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, ni kula da shi kawai aka ɗora mini tun da na gama hidimar ƙasa aiki bai samu ba. Gidan haya ne na ɗalibai, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Ɗakuna 36 ne a jeri uku. Jeri biyu suna kallon juna, doguwar tsakar gida a tsakani, na ukun kuma yana can baya, bayan tankin ruwa da wani ƙaton dogon yaro. Abin da ke sa ɗalibai rububin gidan shi ne kuɗin waifai na cikin kuɗin haya. Na zauna rubuta wannan ne saboda gyaran waifan nan ya ci mini kusan wata biyu da kuɗin da bai kamata in kashe ba, kuma rabin wahalar ni na jawo wa kaina.

Tun 2019 na'ura ɗaya ce ke ɗauke da gidan, wani farin akwatin roba a saman sandar ƙarfe mai tsawon mita 9, da eriya tsaye a kansa. Lokacin da aka kafa ta, wayoyin da ke hawa ba su wuce ashirin ba. Yanzu kowane ɗaki mutum biyu, kowane mutum da waya, wasu har da laftof. Da an idar da sallar isha'i sai ƙorafi ya fara: “Oga, sabis cike yake amma ba ya buɗe komai.” Ni ma abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi, na ɗora wa kamfanin da muke biya kuɗin intanet laifi. Sau biyu ina zuwa ofishinsu. Zuwan farko na yi zaman awa ɗaya da rabi a kan benci, aka karɓi lambar asusunmu aka ce za a duba. A na biyu wani matashi ya tambaye ni ko na taɓa soka kebul kai tsaye a laftof na auna. Raina ya ɓaci, na ɗauka kora ce da hali. Da na dawo gida na gwada, sai ga gudun intanet sama da megabit 80 a bakin kebul. Na taka zuwa ɗaki na 12 na auna da waya, megabit 2 da ƙyar. Ashe ruwa na zuwa, bututunmu ne ya toshe.

Daga nan na tafka kuskuren farko. Na ce tunda sabis ne ba ya kaiwa, babbar eriya za ta raba gardama. Na shiga mota zuwa Sakkwato, na samu wani shago, na ce a ba ni wadda ta fi kowace ƙarfi. Aka miƙo mini wata doguwar sanda fara, a jikin kwalinta an rubuta 15 dBi, wato ma'aunin eriya, tamu ta da kuwa 8 ce. Na biya naira dubu 38 ina murna. Da na dawo sai bakinta ya ƙi shiga na wayar da ke akwatin. A ranar na san cewa bakin eriya iri-iri ne, akwai babba da ake kira N, akwai SMA, akwai RP-SMA da ke kama da shi kamar an tsaga kara amma allurar cikinsu a juye take. Na jira kwana huɗu aka aiko mini da mahaɗi na dubu 4 da 500. Muka hau muka ɗaura. A daren nan masu ɗakunan da ke gindin sandar, waɗanda da su ne 'yan gata, suka zo suna cewa nasu ma ya lalace. Wani mai shago da ke can tsallaken titi kuma ya tare ni da safe yana tambaya ko zan ba shi lambar sirri, wai sunan waifanmu ya fara fito masa a waya.

Wani abokina da ke aiki a banki ne ya haɗa ni da injiniyan da ke musu irin wannan aiki. Injiniyan ya ce kuɗin zuwa dubawa dubu 15 ne, ko an yi aikin ko ba a yi ba. Na ji zafin kuɗin a lokacin, amma a duk abin da na kashe babu wanda ya biya kansa kamarsu. Ya zo bayan magariba, ya ce da gangan ya zaɓi lokacin, don ba a auna waifai da rana tsaka ɗalibai na aji. Bai ko ɗaga kai ya kalli sandar ba. Ya buɗe wata manhaja a wayarsa ya riƙa bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya shiga, ya sa a rufe ƙofa, ya rubuta lamba a takarda. Lambobin duk da alamar ragi a gabansu. Ya ce wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau: -50 ka more, -67 nan ne iyakar da yake so a samu a cikin ɗaki, -80 kuwa suna ne kawai. Yawancin ɗakunanmu tsakanin -75 da -85 suke da zarar an rufe ƙofar ƙarfe. Ya kuma nuna mini sunayen waifai har 23 da wayarsa ke ji a tsakar gidanmu, na maƙwabta da na ɗaliban da ke kunna wa juna daga waya.

Muka zauna a kan tabarmar mai gadi ya yi mini bayanin da na so a ce na ji kafin in je Sakkwato. Ya ce, “Malam, eriya ba ta haihuwar ƙarfi. Abin da na'ura ta ba ta shi take rabawa.” Mai yawan dBi tana matse sabis ɗin ne, kamar ka sa tafin hannu ka danne ƙwallon fura, ya yi faɗi ya rasa kauri. To na ɗora ta a mita 9, sai sabis ya bi ta saman rufin kwano ya tafi tsallaken titi, na ƙasa suka tashi a tutar babu. Abu na biyu da ya faɗa shi ya fi zauna mini. Ya ce in dubi lasifikar masallaci: kana jin ladan daga unguwa uku, amma in ka amsa daga ɗakinka shi ba ya jin ka. Waifai magana ce ta je-ka-dawo. Na'ura na iya ihu har wayarka ta nuna sabis cike, amma 'yar eriyar da ke cikin waya ba ta da muryar da za ta mayar da amsa ta cikin bulo da ƙofar ƙarfe. Ga shi kuma na'urarmu a zangon gigahaz 2.4 kaɗai take aiki, inda hanyoyi uku ne kacal ba sa taka juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, mu da maƙwabta duk a nan muke cunkushe. Kuma a kan hanya ɗaya bi da bi ake magana, kamar layin famfo. Wayar da ke can ƙurya mai raunin sabis tana daɗewa kafin ta cika bokitinta, kowa na tsaye yana jira.

Washegari aka sauko da akwatin. Da ya kwance kusoshi huɗun ya buɗe, ƙurar hunturun shekara da shekaru ta yi wa allon ciki lulluɓi, ga gawar tsaka ta bushe a kusurwa. 'Yar siririyar wayar da ta taso daga katin rediyo, wato katin da ke aikawa da karɓar sabis ɗin waifai, zuwa bakin eriya ta yi kore saboda ruwan da ke bin zaren yana shiga. Na tambaye shi ko ba za a sauya katin rediyon kawai ba, tunda cire shi ake yi kamar batir. Ya ce ana yi, kuma ya fi araha, amma a namu asara ce. Katin na fasahar 802.11n ne, wadda aka tabbatar tun 2009. Ko an sa sabo, bakin kebul ɗin allon ba ya wuce megabit 100, ƙwaƙwalwarsa ma ba za ta ɗauki wayoyi saba'in ba. Shawararsa ita ce a bar batun sanda mai tsawo gaba ɗaya. A sayi na'urori biyu na waje masu zango biyu, 2.4 da 5, na fasahar 802.11ax da ake kira Wi-Fi 6, masu eriya a jikinsu wadda ke haska gefe ɗaya kamar tocila, faɗin digiri 120. A kafa ɗaya a bangon jerin dama tana kallon ƙofofi da tagogin jerin hagu, ɗayar kuma akasin haka. Jerin baya a ba shi tasa ƙarama. Ya rubuta lissafi, ya tashi dubu 800 da 'yan kai.

Kai wa Kawu takardar nan ya fi hawa sandar wuya. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida, na gaishe shi, na miƙa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wanga na sama mi ya same shi? Ba shi munka saya da kuɗɗi masu yawa ba?” Na ce, “Kawu, ya tsufa ne, kuma yaran sun ƙaru.” Ya ce ai shi ma ya tsufa ba a sauya shi ba. Sai da na nuna masa cewa ɗakuna biyar sun ce ba za su sabunta haya ba, sannan ya ce zai ba da dubu 620, ko sisi ba zai ƙara ba. Don lissafi ya shiga, na cire na'urar jerin baya. Na kuma soke kebul ɗin da injiniya ya rubuta na naira 700 kowace mita, na sayo wani a kasuwa na naira 250, ban gaya masa ba. Wannan ne kuskure na biyu.

Kayan daga Kano muka yi odarsu, wajen wani dila da injiniya ya saba da shi. A nan ma saura ƙiris in faɗa rami. Dilan ya turo mini hoton wata na'ura mai rahusa, ya ce tana kai kilomita da yawa. Na tura wa injiniya, ya kira ni nan take ya ce kada in kuskura. Irin waɗannan an yi su ne don haɗa gini da gini daga nesa, wasunsu ma da 'yar uwarsu kaɗai suke magana, wayar hannu ba za ta iya hawa ba. Ya ce in rubuta wa dila cikakkiyar lambar samfurin, harafi da harafi, in sa ya ɗauki hoton kwalin da lambar jikin kowace na'ura, ya rubuta su a rasit da sharaɗin mayarwa in ba ta tashi ba, kafin in tura ko kwabo. Haka na yi. Kowace ɗaya dubu 185, sai akwatin raba layi mai ba da wuta na dubu 75, da 'yan na'urorin kariya daga tsawa dubu 18 kowace. Farashin nan da dala yake tafiya, kada wani ya riƙe shi a matsayin na yau. Aka ba direba saƙo a tasha, aka turo mini lambarsa, aka ce gobe da yamma. Goben ta zama kwana uku. Motar ta lalace a hanya, kuma direbobi ba sa son tafiyar dare a wannan hanya, ba wanda zai ga laifinsu. Na yi sawu biyu a banza zuwa tasha. A na uku na samu kwalin a ofishin 'yan yuniyon, na nuna katin shaida, na biya dubu 6, na buɗe shi a gabansu na gwada lambobin da na rasit kafin in sa hannu.

Kafin kayan su iso mai walda ya ƙera mana maƙalai biyu na bango, dubu 25. Mai wayarin ya haƙa rami ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya ja mata waya zuwa inda na'urorin kariya za su zauna, dubu 30. Injiniya ya ce na'urar kariya da ba a haɗa ta da ƙasa ba ado ce kawai.

Daren da kaya suka zo ɗoki ya hana ni jira. Na ɗauko adaftar tsohuwar na'urar, wadda ke tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet, masu sana'ar na ce mata PoE, na soka wa sabuwar. Shiru, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Gabana ya faɗi, na ga dubu 185 ta tafi, na fara tunanin da wane baki zan tunkari Kawu. Na kira injiniya wajen ƙarfe sha ɗaya. Ya yi dariya ya ce in karanta abin da ke jikin adaftar. Bolt 24. Sabuwar kuwa wajen bolt 48 take so, irin wutar da akwatin raba layi ke bayarwa bayan ya tambayi na'ura abin da take buƙata. Ya ce in gode wa Allah ta wannan gefen na yi kuskuren, da adafta mai 48 marar tambaya na soka wa na'ura mai 24, da ƙauri zan ji. Da safe ya zo muka yi duk saitin a kan tebur, ba a saman tsani ba. Ya ajiye kwafin saitin tsohuwar, ya sabunta manhajar cikin sababbin, ya zaɓi Najeriya a wajen ƙasa don su tsaya a kan hanyoyi da ƙarfin da doka ta yarda, ya sauya lambar sirrin shiga da suka zo da ita daga kamfani. Ya bar sunan waifan da lambarsa yadda suke, don kada a sha wahalar bin wayoyi saba'in.

Ranar ɗaurawa mun fara tun bayan asuba, don watan Afrilu ne, kuma wanda ya san Birnin Kebbi ya san ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu in rana ta take. Tsayin mita 4 kawai aka ɗaura su, ƙarƙashin inuwar rufi. Yana ganin kebul ɗina ya tsaya. Bai ce komai ba, ya yanki guntu, ya fere, ya kankare silin da wuƙa. Jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyon ne aka shafa wa tagulla. Na ce mu dai gwada. Muka gwada, ta kusa ta tashi lafiya, ta nesa mai mita 45 kuwa da wayoyi sun hau sai ta mutu ta sake tashi, wuta ba ta isarta. Haɗin nata ma a megabit 100 ya tsaya maimakon 1000, domin gudun gigabit sai silin nan takwas duk sun yi aiki, ɗaya ya karye a ciki wajen ja. Aiki ya tsaya kwana biyar, dubu 20 ta bi ruwa. Na sayo mita 130 na tagulla zalla, baƙi mai jure rana, da kuɗin aljihuna, daga baya Kawu ya biya ni bayan ya gama faɗan da zai yi. Wajen sake ja na lura da abu biyu da injiniya ke yi. Yana barin kebul ya ɗan sauko ƙasa ya lanƙwasa kafin ya hau ya shiga na'ura, don ruwan sama ya ɗige a gindin lanƙwasar. Kuma bai yarda kowane layi ya kusanci mita 100 ba, wadda ita ce iyakar irin wannan kebul.

Saitin ƙarshe da dare aka yi shi, yana kan tsani ina cikin ɗakuna ina karanto masa lamba ta waya. Ya ɗan sunkuyar da kan kowace na'ura ƙasa kaɗan, lambar ɗakin da nake ta tashi daga -72 zuwa -63 ina kallo. A zangon 2.4 ya ba ɗaya hanya ta 1, ɗayar ta 11, faɗin megahaz 20. A zangon 5 ya ba su ta 36 da ta 149. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rage ƙarfinsu da ya yi, musamman a 2.4. Na ce, “Injiniya, mun sayi abu da tsada kuma ka rage masa murya?” Ya ce in sun yi ihu za su dami juna, kuma waya za ta manne wa ta nesa ta ƙi komawa ta kusa. A daren nan ɗaki na 12 ya ba da megabit 40 da wani abu, kowa na kan layi.

Jerin baya kuwa sai abin ya ƙara muni, kamar yadda ya faɗa tun farko. Zangon 5 ya fi gudu da sarari, amma bai kai 2.4 ratsa bango ba, ga tanki cike da ruwa, ga ganyen dogon yaro, ga kuma sababbin eriyoyin ba can suke kallo ba. Ɗalibai goma sha biyu suka yi mini tsaye a ƙofar ofis. Na kai biyu daga cikinsu gaban Kawu suka yi bayani da bakinsu, ya ba da kuɗin ta ukun, dubu 95, da kuma na kariyarta. Wata jiran mota ta kwana biyu, aka ɗaura ta a barandarsu da ragowar kebul, magana ta mutu. Da ladan injiniya na dubu 60, abin da aikin ya ci ya haura dubu 820, ban da sama da dubu 60 da na zubar a kan doguwar eriya da kebul na bogi.

In da zan sake daga farko, ba zan sayi ko ƙusa ba sai na auna a bakin kebul na kuma auna a cikin ɗaki ƙofa a rufe, a lokacin da mutane suka fi yawa. Zan biya mai dubawa kafin in biya mai shago, domin mai shago abin da ke kan kantarsa zai sayar maka, bai taɓa ganin gidanka ba. Wanda na'urarsa ke da eriya mai cirewa ya ɗauki hoton bakinta ya tafi da shi, ya tabbata eriyar ta zangon da rediyonsa ke aiki ce, kuma kada ya kunna rediyon babu eriya a jiki, yana iya lalata shi. Kada kuma a kashe zangon 2.4 don an samu na 5. A gidanmu akwai wayoyi kusan goma da ba sa ganin na 5 sam, yawanci ƙananan wayoyi masu araha, masu su kuma haya ɗaya suke biya da kowa. A duba batun wuta ma. Na'urori uku da akwatinsu sun fi tsohuwar ci, sai da na cire firjin ofis daga kan inbata kafin batir ya riƙa kai mu asuba.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, har reshen dogon yaro ya karye ya faɗo kan igiyar shanya. Na kwana ina jin tsawa ina lissafi. Da gari ya waye na jingina tsani na hau na shafa bakin kowace na'ura, a bushe, fitilunsu na ci. Tsohuwar sandar mita 9 mun sauke ta, mai walda ya saye. Doguwar eriyar Sakkwato na yi cigiyar mai saye har na gaji, ba wanda ya taya. Tana nan wajen mai gadi, da ita yake korar awakin maƙwabta in sun shigo shan ruwa a gindin tanki.